MATA DA 'YAN MATA A FAGEN YAƘI DA FATARA: ABIN LURA DAGA FAGGE DA SABON GARI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa, Ya sanya wa matalauci hakki a cikin dukiyar mawadaci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya tashi maraya, ya yi kiwo, ya yi fatauci da dukiyar mace, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya saba fita sallar asuba a lungunan Fagge ya san kafin liman ya yi sallama hayaƙi ya riga ya tashi a bayan katangu. Wata ta ɗora kaskon ƙosai, wata tana tace gasara, wata tana zuba waina a tanda. Kafin 'yan Kantin Kwari su buɗe rumfuna, kafin 'yan canji su zazzauna a Wapa, waɗannan mata sun riga sun ci rabin kasuwarsu. Ba su da rumfa, ba su da rasiɗi, sunansu ba ya cikin littafin wata hukuma, amma da ribarsu a ke karya kumallo a gidaje masu yawan gaske. A kansu na ke so mu yi magana a wannan mako, da kuma 'ya'yansu mata masu ɗaukar farantin talla.

MECE CE FATARA?

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe talauci hawa biyu. A mazhabarmu ta Malikiyya, faƙiri shi ne wanda ya ke da ɗan abin hannu amma ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa shi ne wanda ba ya da komai, watau ya fi faƙiri shiga ƙunci. Su biyun ne a ka fara ambata cikin kashi takwas na masu cin zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Masana tattalin arziki na wannan zamani su ma sun ja nasu layi. A shekarar 2025 Bankin Duniya ya yanke cewa wanda abin da ya ke rayuwa a kai bai kai dala 3 a yini ba, to yana cikin matsanancin talauci, abin da Bahaushe ya ke kira fatara.

A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fito da wani bincike wanda bai tsaya ga kuɗi kaɗai ba, ya haɗa da ilimi da lafiya da ruwan sha da muhalli da aikin yi. Binciken ya nuna mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin ɗari na mutanen Nijeriya, suna cikin talauci, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa su ke. Jihar Kano kaɗai tana da fiye da miliyan 10. Wannan kuwa kafin a janye tallafin man fetur ne a ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ya ɗaga kuɗin mota da na masarufi. Abin mamaki a nan shi ne, Fagge da Sabon Gari, waɗanda su ke ƙaramar hukuma ɗaya, nan ne a ke juya dukiya mafi yawa a Kano. Ga Kantin Kwari, ga Singa, ga kasuwar Sabon Gari wadda a ka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi. Amma da mutum zai bar bakin titi ya kutsa lungu taku ɗari, zai iske gidan da ba a ɗora tukunya sai sau ɗaya a yini.

KASUWAR DA BA A GANI

Fagge tun asali zango ce ta fatake, inda ayarin raƙuma ke sauka a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa an kafa ta wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. In an zo ba da tarihin cinikin wuraren nan, sunayen maza a ke jerawa. To, bari mu ɗauki mafi shahara a cikin attajiran Kano, Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Mahaifinsa ya rasu yana yaro. Mahaifiyarsa, wadda a ke kira Amarya, 'yar kasuwa ce mai cin gashin kanta, har ta kai Ankara ta ƙasar Gana da fatauci. Wadda ta rene shi kuwa wata tsohuwa ce a ke ce mata Tata, kuma sunanta ne wannan babban gida ya ke amsawa har yau. Ashe ke nan a gindin wannan katafariyar bishiya akwai hannun mata biyu.

Baƙi ma sun lura da abin da mu 'yan gida mu ka saba da shi har mu ka daina gani. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta yi rubutu a 1969 ta kira cinikin matan kulle ɓoyayyar kasuwa, domin ta ga hatsi da mai da abinci suna yawo daga ɗaki zuwa ɗaki ba tare da sun bi ta kasuwar fili ba. Wata kuma daga Amurka, Enid Schildkrout, ta yi nata binciken a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa wannan kasuwa a kan ƙafafun yara ta ke tafiya.

Kowa ya san sana'o'in: ƙosai da koko, ɗanwake da alala, awara, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, taliyar murji, ɗinkin hula, kitso da lalle, turaren wuta da humra, dillancin atamfa da kwanuka. Jarin ƙanƙane ne, amma kullum yana juyawa. Mace ta sayi wake mudu biyu da safe, kafin azahar ya koma kuɗi, ta cire na waken gobe, ta zuba adashi, saura ya shiga tukunya. Adashin nan kuwa shi ne bankinta. Mata goma ko ashirin su riƙa zubi wurin uwar adashi, kowace ta kwasa in layi ya zo kanta, kuma malamai da yawa sun halatta shi domin rance ne wanda ba ƙari a cikinsa.

Dalilin da ya sa ribar mace ta ke da nauyi wajen kashe fatara shi ne inda ta ke zuwa. Kuɗin da ya shiga aljihun namiji yana da ƙofofi da yawa: majalisa, da gudummawa, da kuɗin mota, wani lokaci ma da neman ƙarin aure. Na mace kuwa galibi ba ya wuce tsakar gida. Shi ne kuɗin magani in yaro ya kwana da zazzaɓi, shi ne kuɗin tara, shi ne kuɗin Laraba na makarantar allo, shi ne cikon cefane ranar da maigida ya fita bai samo ba. Sa'ad da gobara ta cinye dubban rumfuna a kasuwar Sabon Gari cikin watan Maris na 2016, ba 'yan kasuwa kaɗai su ka yi asara ba, har da 'yan dako da yaran kanti da masu gadi. Wanda ya shiga gidajen irin waɗannan mutane a watannin da su ka biyo baya ya san kaskon wa ya riƙe su.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Akwai masu zaton cewa neman kuɗi ga mace wani sassauci ne da zamani ya kawo. Ba haka ba ne. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabo daga abin da su ka tsiwirwira kamar yadda ta tabbatar wa maza. Aya ta 4 ta sa sadaki ya zama mallakar mace ita kaɗai, aya ta 7 da ta 11 kuma su ka yanka mata kasonta na gado. Uwar Muminai Nana Hadiza attajira ce mai aika fatake Sham. Nana Zainabu 'yar Jahshi jima ta ke yi da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Bukhari ya ruwaito labarin Zainabu matar Abdullahi ɗan Mas'udu, wadda ta yi tambaya game da ciyar da mijinta matalauci da marayun da ke hannunta, a ka yi mata bushara da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Muslim kuma ya ruwaito cewa an saki ƙanwar mahaifiyar Jabir, wani ya hana ta fita girbin dabinonta tana cikin idda, sai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi mata izini, domin wataƙila ta yi sadaka ko wani alheri da shi.

A fiƙihun Malikiyya ciyarwa da tufatarwa da wurin zama suna kan miji ko da matar ta fi shi dukiya. Ba ya da ikon tilasta mata kaɗi ko saƙa don ya ci ribar. Saye da sayarwarta da dukiyarta ingantattu ne, abin da kawai a ka ba shi ikon tsayarwa shi ne kyautar da ta haura sulusin dukiyarta. Saboda haka duk kwabon da matar aure ta zuba a tukunyar gida alheri ne ta yi, ba bashi ta biya ba. Maigidan da ya ga matarsa ta kama sana'a sai ya rage kuɗin cefane, ko ya ranci jarinta ya ƙi biya, ya sani dukiyar wani ya ci, kuma za a tambaye shi.

Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman zamaninsa da su ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma cikin abin da ya ce a koya musu har da hukunce-hukuncen ciniki. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara 'Yan Taru, tana naɗa jajoji suna kai ilimi ga matan ƙauye. Wannan gado namu ne, ba aro mu ka yi ba.

HAKKOKI UKU DA A KE CI

Yawancin matan da na gani sun faɗa fatara ba lalaci ne ya kai su ba, hakkinsu a ka danne. Na farko gado. Wata baiwar Allah ta taɓa aiko mini da tambaya bayan karatun magariba. Mijinta ya rasu ya bar rumfa da kaya, 'yan'uwansa su ka ce kada a raba, a bari a riƙa juyawa don amfanin marayu. Shekara bakwai ke nan, abin da ta ke gani shi ne buhun shinkafa da azumi. Ita kuwa wankau ta ke yi, 'ya'yanta mata biyu suna tallar gyaɗa a bakin tasha. Mu ɗauka abin da mamacin ya bari, bayan an biya bashi da wasiyya, naira miliyan 8 ne, kuma magadansa su ne mata ɗaya da ɗa ɗaya da 'ya'ya mata biyu. Matar tana da tumuni, watau miliyan 1. Ɗan yana da miliyan 3 da rabi, kowace 'ya tana da miliyan 1 da dubu 750. Wannan gida ba gidan miskinai ba ne, mayar da su a ka yi.

Na biyu hakkin wadda a ka saka. Shari'a ta ɗora wa miji ciyar da ita a cikin iddar sakin kome, ta kwaɗaitar da shi ya yi mata kyautar sallama, ta kuma bar mata renon 'ya'ya, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, alhali ciyar da su yana wuyan uba. Amma abin da mu ke gani shi ne a miƙa wa mace takarda da dare, ta kwashi yara ta koma gidan tsohon da shi ma neman taimako ya ke yi. Gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisba a 2012 da ma'aurata 100, a watan Oktoba na 2023 kuma a ka ɗaura na 1,800, a ka haɗa wa kowace amarya da jarin naira dubu 20. Wannan abin yabo ne. Sai dai kwashe ruwa daga ɗaki ba ya isa in ba a toshe inda rufi ya ke yoyo ba.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai, shi ne hakkin yarinya.

YARINYA DA FARANTI

Uwa tana cikin gida, mai saye yana waje, wanda ya ke haɗa su ita ce yarinya 'yar shekara tara ko goma. Ita ke sayo wake, ita ke kai niƙa, ita ke yawo da faranti daga Kwari zuwa Bata, tsakanin motoci da 'yan dako, wani lokaci har bayan isha. In ka tambayi uwar sai ta ce kayan ɗaki a ke tara mata, domin kada a yi musu dariya ranar jere. Watau an sayar da shekarun karatun yarinya don a sayi gado da kujeru da kwanukan da za a jera a bango. In a ka yi rashin sa'a auren ya mutu bayan shekara uku, kayan sun tsufa, ita kuwa ba karatu ba sana'a, sai ta dasa nata kaskon, ta ɗora wa tata 'yar faranti. Haka fatara ta ke zama abin gado daga uwa zuwa 'ya.

Ba na zargin uwar ita kaɗai, domin in an sauke farantin yau ba a ba ta wata hanya ba, gidan ne zai kwana da yunwa. Laifin namu ne mu maza da mu ka bar bukukuwa su ka yi tsada, mu ka mai da lefe da gara abin gasa. A nan ya kamata mu dubi maƙwabtanmu na Sabon Gari da idon basira. Matan Yarbawa, waɗanda da yawansu Musulmi ne, da matan Ibo, su ma suna kasuwa, su ma suna adashi irin nasu. Bambancin shi ne inda ribar ta ke tafiya: kuɗin makaranta a ke fara cirewa, na mace da na namiji. Bayan shekara ashirin sai ka ga 'yar mai sayar da garin kwaki ta zama malamar asibiti ko akanta. Mu kuma sai mu kai matanmu asibiti mu yi ta ƙorafi cewa namiji ne zai duba su. Daga ina likita mace za ta fito in 'yar da za ta zama likitar tana bakin tasha da farantin gyaɗa? Samar da mata masu duba mata farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ga 'yan'uwana 'yan kasuwa, maganata a kan zakka ce. Mai kanti wanda kayansa ke shiga suna fita, wanda fiƙihu ya ke kira mudiri, zai ƙimanta kayansa kowace shekara ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Mai dukiyar naira miliyan 40 zai fitar da miliyan 1 ke nan. In ya tara mutum 500 a ƙofar gida ya ba kowa dubu 2, kafin la'asar kuɗin sun ƙare, baɗi kuma su 500 ɗin za su dawo. Amma in ya zaɓi gwauraye mata 5 a unguwarsu ya damƙa wa kowace dubu 200 a hannunta ta ja jari, ana sa ran baɗi wasunsu ba za su nemi zakka ba. Malamanmu na Malikiyya sun halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara, Shafi'iyya kuwa sun ce mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, sai dai hukuma ba ta san lungu kamar yadda mai unguwa da limamin unguwa su ka san shi ba.

Sa'an nan akwai rance mai kyau. A ƙasar Bangaladash, Muhammadu Yunus ya fara da rancen dala 27 ga mutum 42 a ƙauyen Jobra a 1976, abin ya zama Bankin Grameen a 1983, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu karɓar rancensa mata ne, sun kuwa nuna wa duniya cewa mace matalauciya tana biyan bashi. Amma rancensa da ruwa a ciki, mu kuwa riba haramun ce a gare mu. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne na Akhuwat a Pakistan, wanda Dokta Amjad Saqib ya fara a Lahore a 2001 da rance ga wata mata da mijinta ya rasu, ba ruwa ko kwabo, kuma a masallatai a ke raba rancen. Me zai hana kowane layi a Kantin Kwari ya kafa irin wannan asusu? Me zai hana dila ya ba matan unguwarsu atamfa a farashin sari, su sayar a cikin gidaje su kawo uwar kuɗi? Yau ga wayar hannu, mace tana ɗakinta za ta nuna hajarta, a aiko mata da kuɗi, ɗan sahu ya kai kaya, ba sai an fitar da yarinya daga aji ba.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati, amana ce a hannunku. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, matan aure da yawa su ka koyi karatu da ɗinki ta hanyarta. An shelanta ilimi kyauta kuma dole a Kano a 2019, an kuma kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Amma takarda ba ta karantar da yaro. Malamin da ba ya shiga aji, da jami'in da ya sa sunan matarsa da ƙannensa a jerin tallafin da a ka ware wa gwauraye, da ma'aikacin kotun da ya bar shari'ar gadon marayu ta shekara biyar a kan tebur, kowannensu ya sa hannu a cikin yunwar wani gida. Makarantar da ba ta da katanga da makewayi da malamai mata, uba mai kishi ba zai bar budurwarsa a ciki ba, kuma gyaran wannan aikinku ne.

Mu kuma malamai, mun yi shekaru muna yi wa mata wa'azin biyayya, kuma gaskiya ne mu ka faɗa. Amma rabin gaskiya ce in ba mu hau mumbari mun karanta wa maza babin ciyarwa da babin gado da babin reno ba. Ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN, wadda a ka kafa a Minna a 1985, da makarantun Islamiyya na matan aure da su ka cika unguwanninmu, sun nuna mata a shirye su ke. Ya kamata a ƙara musu lissafi da hukuncin ciniki a kan tajwidi da tsarki, kamar yadda Shehu ya nema.

Kafin juma'a mai zuwa, ina roƙon kowane mai karatu ya yi wa kansa tambaya uku. Shin akwai gadon wata mace a hannuna? Shin akwai 'ya'yana a hannun wadda na saka, ban aika musu da komai ba? Shin yarinyar da na ke sayen ƙosai a farantinta kowace safiya, na taɓa tambayar ko 'yar gidan wa ce, da abin da ya hana ta zuwa makaranta? Wanda ya amsa waɗannan tsakaninsa da Allah ya san inda zai fara.

Allah Ya yaye mana fatara, Ya sa albarka a cikin neman iyayenmu mata, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke hakkin da ke wuyanmu tun kafin ranar da dukiya ba ta da amfani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.